Tanar roba ko ƙwaron gashi: wanne za ka saya idan za ka fatsa a Amurka?

Farkon zuwana kamun kifin tirawut a jihar Missouri, jakata cike take da tanar roba kala-kala, har da mai ƙamshi. Ban ko gama ɗaura ƙugiya ba, wani dattijo da ke tsaye cikin ruwa har gwiwa ya leƙo jakar, ya girgiza kai, ya nuna mini allon da na wuce ban karanta ba. Na ce masa ai roba ce, ba tanar gaske ba. Ya ce a wannan ruwan roba ma koto ce. Haka na tattara komatsaina na koma mota, ga asarar mai ga kunya.

Mu da muka tashi muna tonon tana a bakin rijiya mu zuba a gwangwanin madara, wannan abu yana da wuyar shiga kai. Amma a Amurka kowace jiha da dokarta, wani lokaci ma rafi ɗaya a raba shi kashi-kashi. Saboda haka kafin ka zaro kuɗi a shago, ka fara sanin ruwan da za ka.

Tanar roba ita ce mafi sauƙin sha'ani. Tun 1949 da Nick Creme ya fara zuba ta a Akron ta jihar Ohio take cin kasuwa, kuma ba a banza ba: tana da arha, tana lanƙwasa cikin ruwa kamar mai rai, sandar fatsa ta gama-gari ta ishe ka, kuma ko yau ka fara za ka iya kama kifi da ita. Wasu an cusa musu gishiri, kamar Senko, wasu kuma ƙamshi, kamar PowerBait da Gulp! na kamfanin Berkley. To wannan daɗin nata shi ne ya ja mata. Kifi ba ya tofar da ita da wuri, sai ya haɗiye har ƙugiyar ta kai ciki, wanda kuwa aka soke a ciki da wuya ya rayu idan an sake shi. Wadda ta tsinke ta faɗa ruwa ba ta narkewa, kifi ya tsince ta, ta kumbura masa a ciki. A 2013 har an kai ƙudurin hana ta majalisar jihar Maine, sai dai bai zama doka ba.

A Missouri dokar ta fito fili: abin da suke kira koton bogi bai haɗa da roba mai laushi ba. A rafukan da suke wa laƙabi da Blue Ribbon, ƙwaron gashi (ƙugiyar da aka naɗe da gashi ta yi kama da ƙwaro) da koton bogi mai tauri kaɗai aka yarda, kuma tirawut ɗaya tak za ka tafi da shi a rana, shi ma sai ya kai inci 18. Gandun Yellowstone ya fi haka tsanani: ba tanar roba, ba ƙamshi, ba dalma, kuma dole ƙugiya ta zama marar ƙayar baya. Idan kuwa tafkunan kifin bas za ka riƙa zuwa, yawanci ba mai ce maka uffan, a can roba ce sarauniya.

Ƙwaron gashi kuwa, gashin kaza ne ko na zomo ko na barewa ake naɗewa da zare a jikin ƙugiya guda, ya fito kamar ɗan ƙwaron da ke faɗowa kan ruwa. Wani bai fi ƙwayar shinkafa ba. Shi ne ya fi samun shiga a ruwan tirawut. Kogin Firehole da na Madison a cikin Yellowstone, da Gibbon daga ƙasan gangarar ruwansa, duk shi kaɗai aka yarda. Matsalarsa ba kuɗin ƙwaron ba ce, kayan jifansa ne. Ba shi da nauyi, don haka igiya mai kauri ce ke ɗaukar sa, ita kuma tana son sandarta ta daban, sannan jifan sai an koya. Ni sai da na yi makonni ina kama rassan bishiya da hulata. A nan ma akwai abin lura: Yellowstone ba ruwansu da irin sandarka muddin ƙwaron gashi ne a bakin igiya, amma a Maine, inda aka rubuta ƙwaro kaɗai, dole nauyin igiyar ne zai kai shi, ba wani abu da ka rataya ba.

Kada kuma ka ɗauka ƙwaro yana shiga ko'ina. A Bennett Spring, nan Missouri, inda ake buɗe kakar kamu ranar 1 ga Maris a rufe 31 ga Oktoba, an raba rafin uku. Kashi na farko na ƙwaro ne zalla, na biyu ƙwaro da koto mai tauri, na uku kuma na roba da koton gaske ne, a can mai ƙwaron ne za a kora.

Akwai na tsakiya da mutane ke mantawa da shi: koton ƙarfe, ɗan cokali mai ƙyalli ko mai farfela da ke juyawa idan ana ja. Yana aiki da sanda ta gama-gari, yana daɗewa, kuma yana wucewa a mafi yawan wuraren da aka hana roba. Yawanci da ƙugiya mai baki uku yake zuwa. Ni cire ta nake yi in sa mai baki ɗaya, in matse ƙayar da filaya, cire kifi ma ya fi sauƙi.

Sai batun dalma, domin robar sau da yawa a kan ƙugiya mai kan dalma ake soka ta. Jihar New Hampshire ta hana irin waɗannan masu nauyin oza ɗaya zuwa ƙasa tun 2016, saboda tsuntsayen ruwa na haɗiye su suna mutuwa. Ingila ta riga su, tun 1987 ta hana dalmar fatsa daga giram 0.06 zuwa 28.35. Na ƙarfen tangistan ya fi tsada, amma da shi ba ka da fargaba.

Da za a ce yau nake farawa da ɗan kuɗi kaɗan, sanda ta gama-gari zan saya, da cokula uku ko huɗu, da leda ɗaya ta roba marar ƙamshi don tafki. Kayan ƙwaro sai na tabbatar ruwan tirawut zan riƙa zuwa. Robar kuwa a gida zan bar ta duk ranar da na nufi rafi mai allo. Idan kuma ka sayi roba mai talewa irin ta kamfanin Z-Man, bar ta cikin ledarta: ka haɗa ta akwati ɗaya da robar gama-gari, sai ka tarar sun narke sun cakuɗe kamar cingam.