Babban Rukuni ko Ƙarami: Kafin Ɗan Hokin Ƙanƙara Ya Zaɓi Jami'a a Amurka

Matashin da jami'o'i biyu ko uku a Amurka suka yi wa tayin buga musu hokin ƙanƙara, kafin kyawun fili ko tallafin karatu ya ɗauke masa hankali, ya fara tambayar rukunin da kowace take ciki, wato gungun jami'o'in da take buga gasa tare da su. Daga nan ake gane ko zai taɓa leƙa gasar ƙarshen kaka ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka.

Ƙungiyoyi 16 ke shiga gasar maza. Shida zakarun rukunai ne masu tikiti kai tsaye, sauran goman lissafi ke fitar da su. A da tsarin lissafin da ake kira PairWise ake bi, daga kakar 2025-26 aka koma wani mai suna NPI, kuma dukansu suna duba ƙarfin waɗanda ka kara da su. Shi ya sa manyan rukunai irin NCHC, Big Ten da Hockey East ke kwashe mafi yawan guraben goman. Wanda ƙungiya mai ƙarfi irin Jami'ar Denver ta NCHC ta doke, lissafi ba ya yi masa hukunci mai tsanani. Amma sabon ɗan wasa a irin waɗannan rukunai yana iya shafe shekara a benci.

A ƙaramin rukuni irin Atlantic Hockey America kuwa kusan ƙofa ɗaya ce, wato cin kofin rukuni. Ko tun Oktoba kuke saman tebur, in aka fitar da ku a gasar rukuni cikin Maris, sai baɗi. An taɓa ganin biyu sun shiga, Niagara da Canisius a 2013, amma kada a gina lissafi a kan wannan. Zakaransu ma galibi da ƙungiyar da ke saman jeri ake fara haɗa shi. Duk da haka Holy Cross ta kayar da Minnesota a 2006, RIT (Rochester Institute of Technology) ta kai Frozen Four, wato zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe, a 2010, AIC (American International College) kuma ta fitar da St. Cloud State, ta ɗaya a faɗin ƙasar, da ci 2-1 a 2019.

Inda zan ce a yi hattara shi ne jami'ar da ba ta cikin kowane rukuni, don babu tikitin kai tsaye sam. Alaska Fairbanks ta ci wasa 22 a kakar 2022-23, ta zauna a gida, bayan Colgate da Canisius, da ke ƙasa da ita a lissafi, sun shige da kofin rukunansu. Arizona State ta samu shiga a 2019 tana zaman kanta, amma ita ma ta koma NCHC a 2024.

Ni dai in zaɓin tsakanin kurar baya a babban rukuni ne da mai neman kofi a ƙarami, ta biyun zan ɗauka, musamman ga mai tsaron raga.