Filogin ɗin SSL da Neve ko mikisa ta gaske? Ga yadda nake ganin su gefe da gefe

Ɗan uwa, tambayarka na gani: wai kana miksin a kwamfuta da filogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, masu kwaikwayon mikisar kamfanonin SSL da Neve, wani kuma ya ce maka duk wasan yara ne, sai ka samu ƙarfe na gaske sautinka zai yi nauyi, shi ne kake tambaya ko ka fara tara kuɗin mikisa. Toh bari in faɗi nawa, amma ka yi haƙuri zan ɗan ja.

Inda ake fara ruɗewa shi ne ana cewa "mikisa" kamar abu ɗaya ce, alhali aiki biyu take yi. Akwai lokacin ɗaukar sauti, maik ya shiga firiyam, wato na'urar da ke ƙara wa sautin maik ƙarfi, a ɗaga shi kafin ya isa kwamfuta. Akwai kuma lokacin haɗawa, bayan an gama ɗauka, a jera layuka, na murya da na kowane kayan kiɗa, a daidaita su su zama waƙa ɗaya. Amsata a na farko daban, a na biyu daban.

Mu fara da sunayen nan da ake ta kira, don su kansu ba sautinsu ɗaya ba. Neve 1073, firiyam mai gyaran sauti da Rupert Neve ya fitar a 1970 a Ingila, tiransifoma ce a bakin shiga, wata a bakin fita, kuma su ne ke ba shi kaurin nan da ake magana, musamman in ka tura shi da ƙarfi. SSL 4000 E ta fito 1979, G ta biyo baya 1987, ita kuma abin da ya ɗaukaka ta shi ne kowane layi da kwamfiresansa mai danne sauti in ya yi ƙarfi, da get ɗinsa mai rufe layin in babu sauti, ga kwamfuta mai tuna motsin feda, abin ja sama da ƙasa na ƙarfin layi, ga kwamfiresan nan na tsakiya da ke matse waƙa gaba ɗaya ta zama dunƙule. API ta Amurka ita kuma naushi gare ta, masu ganguna da jita na son ta. Kaga ke nan wanda ya ce maka "sautin analog" sai ka tambaye shi wanne daga ciki.

Mene ne ma ƙarfen yake yi wa sauti? Ba tsafi ba ne. In sauti ya ratsa tiransifoma da tiranzista, ba ya fitowa yadda ya shiga sak, sai ya haifo wasu ƙananan sautuka a samansa, ninki biyu, ninki uku na asalin. Ka tura 100 Hz, sai ga 200 da 300 sun leƙo ƙasa-ƙasa, shi ya sa bes ke fitowa ko a ƙaramar sifika. Sannan in ka matsa masa ba ya fashewa farat ɗaya, a hankali yake lanƙwasa kan sautin. Akwai ɗan yoyo daga wannan layi zuwa maƙwabcinsa, akwai ɗan shuuu a ƙasa, kuma layi na 3 da na 4 ba su taɓa zama iri ɗaya ɗari bisa ɗari, saboda kafasita da rezista kowanne da ɗan kuskurensa tun daga masana'anta. Waɗannan ƙananan aibobi su ne mutane ke kira ɗumi da faɗi.

Masu filogin sun san da wannan duka, kuma sun daɗe suna binsa. Waves sun fitar da kwaikwayon SSL 4000 tun 2006 da amincewar kamfanin SSL ɗin kansa. Daga baya suka yi NLS inda suka auna layuka 32 na kowace daga mikisa uku, don kada layukanka su zama tagwaye. Brainworx ma sun yi irin haka a bx_console, layi 72 kowanne da ɗan bambancinsa. Slate na da VCC, Harrison kuma suka gina manhajar miksin sukutum mai suna Mixbus a kan tsarin mikisarsu. Wasu suna lissafa da'irar wutar ne yanki-yanki, wasu kamar Acustica suna tura sauti cikin na'urar su ɗauki martaninta a matakai da yawa. Ko wacce hanya aka bi, a ma'aunin da ake aiki da shi yau da kullum, wato ka ɗaga 3 dB nan ka rage 2 can, kwamfiresa na cin ɗan kaɗan, wallahi kusancin ya kai in an rufe maka ido sai ka yi ta canki-canki.

Inda har yanzu nake jin ƙarfe ya fi shi ne in an tura abu har bango. Ka murɗe abin ɗaga siririn sauti na 1073 na gaske, wanda yake a 12 kHz, ka kai shi nesa, sai ka ji murya ta buɗe ba ta soke kunne ba. Filogin da yawa in ka yi musu haka sai su fara ƙaiƙayi. Akwai dalili na lissafi. In kana aiki a 48 kHz, iyakar abin da kwamfuta za ta iya riƙewa 24 kHz ne. Toh ka ce akwai sauti a 15 kHz, filogin ya haifo masa ninki uku, 45 kHz ke nan, babu wurin zamansa, sai ya naɗo ya faɗo a 3 kHz, daidai inda kunne ya fi ji, kuma ba shi da dangantaka da waƙar. Ƙarfe ba ya wannan, nasa wucewa sama yake yi ya ɓace. Maganinsa shi ne maɓallin nan na obasamfulin da mutane ke tsallakewa, mai ninka wa filogin wannan iyakar 2x ko 4x, ka kunna shi a filogin masu ƙara datti, sai dai kwamfutarka za ta ji a jikinta.

Sai kuskuren da ya fi yawa, kuma ina zargin shi ne ke damunka. Mikisa ta gaske an gina ta ne allura ta riƙa yawo wajen 0 VU, wato +4 dBu, kuma yawancin filogin sun ɗaura wannan a wajen -18 dBFS, a ma'aunin kwamfuta inda 0 shi ne ƙololuwa. Kai kuma ka ɗauko kiɗa yana dukan -2, ka zuba shi cikin filogin, kamar ka shiga mikisar da allura manne a ja ne tun daga farko har ƙarshe. Sai sauti ya cushe, ka ce filogin ƙarya ne. Ka rage ƙarfin kowane layi kafin ya shiga, ka sake saurara, daga nan mu yi magana.

Maganar haɗa layuka kuwa, wadda aka fi yi wa surutu, ni ban ɗauke ta da zafi ba. Kwamfuta tarawa kawai take yi, ba ta ƙara komai ba ta rage komai. Akwatunan haɗawa irin su Dangerous 2-Bus suna ƙara ɗan launi, eh, amma sai ka fitar da layi 16 ta kanbata, na'urar da ke juya lambobi su koma wuta, ka dawo da su, kuma abin da za ka samu ɗan kaɗan ne. Dubi manyan masu miksin na duniya: Andrew Scheps shekaru ya yi yana miksin a kan Neve sannan ya koma cikin kwamfuta gaba ɗaya, Serban Ghenea ma a manhajar Pro Tools yake aikinsa, shi kuma Chris Lord-Alge an san shi da SSL ɗinsa. Duk suna fitar da aikin da duniya ke ji, ba wanda ya isa ya saurari rediyo ya ware maka wanne aka yi a ina.

Amma ɗaukar sauti, nan kam labari ya canza. Filogin yana aiki ne a kan abin da ya riga ya zama lambobi. In firiyam ɗin sawun kad ɗinka, akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, ya ƙure, ka murɗe shi har ƙarshe don maik mara ƙarfi, shuuu ɗin ya riga ya shiga, ba filogin da zai cire shi ba tare da ya ci wani abu ba. 1073 yana ba da har 80 dB, kuma yadda maik ke mu'amala da tiransifomar da ya tarar a gabansa abu ne na wuta, ba na lissafi ba. Universal Audio sun gane haka, shi ya sa a Unison ɗinsu filogin ne ke canza yanayin firiyam na zahiri da ke cikin sawun kad ɗinsu Apollo, wato su ma sun yarda sai da ƙarfe a wannan gaɓar. Ga kuma jinkiri: mawaƙi a mikisar analog yana jin kansa nan take, a kwamfuta kuwa ko bafa, wato ɗan sautin da take tarawa kafin ta sarrafa, 128 a 48 kHz kusan 2.7 ms ne hanya ɗaya, kafin a ƙara na dawowa da na filogin, kuma akwai mawaƙan da wannan ɗan jinkirin ke dagula musu a hedifon ko da ba su iya faɗin me ke damunsu ba.

Yanzu abin da masu yabon mikisa ba sa faɗa maka. Ka gama miksin da dare, da safe mai waƙa ya kira, "Oga a ɗan ɗaga muryar a amshi na biyu." A kwamfuta buɗe fayil ne, minti biyar. A mikisa kuwa in ka riga ka ɗora wani aikin, sai an mayar da kowane abin murɗawa inda yake jiya, ɗaruruwa. SSL sun kawo Total Recall a farkon shekarun 1980, amma shi ma nuna maka yake a allo inda abin yake, yaron situdiyo ne zai bi ɗaya bayan ɗaya da hannu yana daidaitawa, kuma duk da haka ba ya dawowa sak. Na taɓa zama a wani situdiyo muna neman dalilin da ya sa gefen hagu ya fi dama duhu, mun kusa awa muna zargin sifika, ashe layi ɗaya ne kafasitocinsa suka tsufa, da aka ɗan bubbuga modul ɗin ma sai ya fara ƙarar-ƙarar. Babbar mikisa tana cin wuta ko ba a aiki da ita, tana fitar da zafi sai da na'urar sanyaya ɗaki, akwatin wutarta ma ɗaki daban ake kai shi saboda ƙugin fanka, kuma dole ka san mai gyara da ya iya ta. Wadda aka ƙera a 1979 ta haura shekara 40, ba biyu da ke sauti iri ɗaya yanzu, har ma ka tambayi kanka, wace SSL ɗin ake cewa filogin bai kamo ba?

Filogin ma da nasa ciwon, kar in yi son kai. Sabunta kwamfuta ɗaya sai tsohon aiki ya ƙi buɗewa, lasisi ya ƙare, kamfani ya daina kula da abin da ka saya. Ƙarfen 1970 kuwa in an kula da shi yana aiki har gobe kuma in ka gaji ka sayar.

Abu ɗaya da nake kewarsa a mikisa shi ne hannu. Yatsu takwas a kan feda takwas, ido a rufe, kana tuƙa waƙar da kunne. A kwamfuta linzami ɗaya ne, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ido na kallon zane yana yanke hukunci kafin kunne ya ji. Ina ganin rabin abin da ake cewa sautin mikisa wannan ne, mutum ya fi saurin yanke shawara kuma ba ya buɗe filogin 9 a kan murya ɗaya. Akwai tsaka-tsaki, irin Softube Console 1 ko UC1 da UF8 na SSL, sauti na cikin kwamfuta amma kana murɗawa da hannu. Ko ba ka da su, ka zaɓi filogin ɗaya ka ɗora a duk layuka kamar mikisa ce, ka hana kanka canzawa, za ka ga bambanci.

Don haka in ni ne kai ba zan tara kuɗin mikisa ba. Firiyam mai kyau layi ɗaya ko biyu zan nema, irin 1073 ko na jerin 500 na API, tunda yawanci murya ɗaya kake ɗauka a lokaci guda, sauran kuma in zuba a gyaran ɗaki don sifika ta daina yi min ƙarya. Kafin nan ma ka yi gwaji: in ka samu aron na'urar, ka ratsa murya ɗaya ta cikinta, ka ratsa ta filogin ɗinta, ka daidaita ƙarfinsu da mita sosai don ko rabin dB sai ya sa mai ƙarfin ya fi daɗi, sannan wani ya riƙa canza maka su kana juya baya, sau 10, kana rubuta wanne kake zaton ka ji. Shi mutumin da ya ce maka wasan yara ne, ka gayyato shi ya zauna a kujerar shi ma.