Mai kwale-kwalen da ya kai mu bakin teku a Badagry

Bikin ɗiyar yayana ne ya kai mu Legas, ni da uwargida da yara 3 da Inna. Ana saura kwana 2 mu kamo hanyar Sakkwato, Inna ta ce ita fa ba ta komawa gida sai ta ga teku, don iyakar ruwan da ta sani shi ne gulbin Rima idan ya kawo a Kwalkwalawa. Yaya ya ce to mu nufi Badagry, ya haɗa mu da wani mai kwale-kwale da ke yi wa baƙi jagora. A kan aikin mutumin nan nake rubutu, saboda masu niyyar zuwa da iyali.

Mun baro Agege bayan asuba, cunkoso ya riƙe mu sai da hantsi muka isa. Badagry tana dab da iyakar Jamhuriyar Benin, duk inda ka duba bishiyar kwakwa ce. Mutumin ya fara zagayawa da mu cikin gari, ya nuna mana gidan benen da ake cewa shi ne na farko a Nijeriya, ginin 1845. A gaggauce muka duba shi, hankalin yara yana kan ruwa.

Tekun ba a cikin gari take ba. Sai an haye wani ruwa kwantacce zuwa ƙauyen Gberefu, kuma nan ne mutumin ya shiga raina. Ya ƙi tada inji sai kowa ya sa rigar kariya, har da ƙanana daidai jikin yara. Inna ta ce ita hijabinta ya ishe ta, ya durƙusa ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Mama, ki yi haƙuri, in ba ki sa ba jirgi ba ya tashi." Ta sa. Mu da muke jin labarin kifewar kwale-kwale a jiharmu idan damina ta yi nisa, mun san darajar wannan taurin kai. Bai kuma ƙara mana ko mutum ɗaya ba, ga masu jira a bakin ruwa.

Daga inda aka sauke mu akwai tafiyar ƙasa cikin rairayi, hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jiragen Turawa. Ya tsaya da mu a wata rijiya, ya ce daga cikinta ake shayar da su, wai don su manta gida. Babbar ɗiyata ta ce, "Baba, har da yara?" Ya bar ni na amsa mata da kaina, ya ja gefe. Na ji daɗin wannan kara ƙwarai.

Da ya ji daga Sakkwato muke, sai ya ce ai a Badagry Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Clapperton, ya sauka a 1825. Na ƙarasa masa cewa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nufa, kuma a Sakkwato ya mutu a 1827. Hira ta kai mu ga sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2024. Allah ya nuna mana gamawarta.

Inda ya gaza kuwa ba zan ɓoye ba. Bai gaya mana tun farko tafiyar ta kai kusan rabin awa da yara ba, ga gumi mai danƙo wanda ba irin zafinmu ba ne. Gwiwar Inna ta hana, sai da muka nemo mata kabu-kabu. Kuɗin shiga wuraren tarihi ma ba ya cikin cinikin da muka yi, sai a bakin ƙofa muka ji, raina ya ɗan sosu. Ku tambayi komai kafin ku shiga jirgi, ku riƙe ruwan alwala da tabarma, don mu ba mu samu wurin da mata za su kewaya su kintsa ba.

Tun kafin ka ga teku za ka ji rugugi. Da muka ɓullo, Inna ta tsaya cak tana tasbihi, ta daɗe ba ta ce da kowa komai ba. Igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi, mutumin ya ja layi da ƙafa a kan yashi ya ce kada yaro ya wuce, shi kuma ya tsaya tsakaninsu da ruwa har muka tashi. Ya sa aka saro mana ɗanyar kwakwa muka sha ruwanta, autanmu ya cika aljihu da bawon katantanwa. In Allah ya sake kai ni, shi zan nema. Inna ta ɗebo ruwan teku a gora, yana nan ɗakinta a Mabera, duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta ɗiga mata a tafin hannu ta lasa.