DAC na aljihu ko na kan tebur?

Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, na'urar nan mai juya lambobin sauti su koma abin da kunne ke ji, wato DAC, ta zama abin nema.

Na aljihu bai wuce tsawon yatsa ba. Ka cusa shi a ramin caji, shi ke nan. Daga batirin waya yake shan wuta, don haka ko an ɗauke wuta a Samaru, kana jin karatunka ko kiɗanka. A ma'aunin ingancin sauti, na Apple yana kai bit 24 da kilohaz 48, alhali faifan CD bit 16 ne da kilohaz 44.1. Amma a kula, wanda aka yi wa kasuwar Turai rabin ƙarfin na Amurka gare shi. Igiyarsa kuma siririya ce, daga wuya take fara karyewa, musamman ga mai cusa waya a aljihu ya hau acaba zuwa unguwar Kongo a Zariya.

Na tebur, irin FiiO K7, sai da soket, ga tsada. Ƙarfi ne abin taƙamarsa: hedifon mai om 300 (om ma'aunin turjiya ga wutar lantarki ne, mai yawan om ya fi buƙatar ƙarfi) kamar Sennheiser HD 600 a nan yake buɗe murya, kalangu ya fito da nauyinsa. Ga maɓallin murɗa ƙara a hannunka. Sai dai in ba ka da inbata ko sola, sau da yawa ado ne kawai, ƙurar hunturu na hawa kansa.

Ni dai iyafis ɗina om 32 ne kawai, don haka na aljihun na saya a Sabon Gari, bayan na gwada shi a gaban mai shago.