FieldMove Clino a kan jijiyoyin dutse: akwai sauri, amma kada a bar kamfas a gida

FieldMove Clino manhajar waya ce ta auna gangara da alƙiblar fuskar dutse, wadda kamfanin Midland Valley na birnin Gilasgo ya ƙirƙira, kafin Petroleum Experts ya saye kamfanin a 2017. Tana aiki a iPhone da Android. Amfani da ita ba wuya: ka ɗora bayan waya a fuskar dutse, ka jira lambobi su tsaya, ka taɓa allo su kulle, ka adana. Za ta riƙe maka yawan gangarar fuskar da ɓangaren da ta fuskanta, da wurin da kake, da lokaci. Idan layi za ka auna, gefen wayar mai tsawo kake jerawa da shi. Akwai gurbin rubutu da hoto, akwai sitiriyonet a ciki (zanen da'ira da ake nuna kowane awo a kansa da ɗigo), kuma tana fitar da bayanai a CSV (fayil na jadawali) da KMZ (fayil na taswira) da tsarin Move, manhajar kwamfuta ta kamfanin.

Abin dubawa a nan shi ne ko ta isa aikin jijiyoyin ma'adini, wato tsagogin dutse da ma'adini ya cike, a yankin da duwatsu suka sha matsa da lanƙwasa fiye da sau ɗaya. Ta isa, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ba ƙanana ba ne.

Inda ta ci tuta shi ne yawa. Jijiyar da aka lanƙwasa ba ta da awo guda. Sai an bi ta ana aunawa a kowace kwana, ashirin ko talatin, kafin ɗigon da ke kan sitiriyonet su jeru a kan baka ɗaya, a ciro alƙiblar ƙashin bayan lanƙwasar daga nan. Da kamfas da littafi wannan yakan ci rabin awa ko fiye, kuma hannu kan gaji a fara juya lambobi wajen rubutu. Da waya 'yan mintoci ne, kana kuma ganin ɗigon suna taruwa tun kana tsaye a wurin, don haka idan wani ya fita daga sahu za ka koma ka sake shi nan take.

Sai dai lambobi biyun da take bayarwa ba daga tushe ɗaya suke ba. Yawan gangara na fitowa ne daga na'urar da ke jin nauyi, wadda ba kasafai take kuskure mai yawa ba. Alƙibla kuwa daga na'urar maganaɗisu take, a nan matsala take. Rigar waya mai maganaɗisu, guduma a ƙugu, agogo, batirin caji a aljihun gaba, mota a kusa, duk suna jan awon. Dutsen kansa ma yana ja: ma'adinan ƙarfe masu maganaɗisu, magnetayit da firotayit, suna karkatar da shi, kuma firotayit na yawan zama a gefen jijiyoyin zinare, wato daidai inda ake son awo mai kyau. Firayit, wani ma'adinin ƙarfe mai kama da zinare, ba ya yin haka. Allurar kamfas ita ma tana ruɗewa a irin wannan dutse, amma ita ana ganinta tana juyi yayin da ake matso da ita, waya kuwa lamba za ta ba ka tsaf kamar ba komai. Gwaje-gwajen da aka wallafa a 2017 sun nuna wayoyin Apple sun fi daidaito, na Android kuwa sun bambanta ƙwarai daga wannan samfuri zuwa wancan. Wannan laifin na'urar waya ne, ba na manhajar ba, amma mai awo ne zai ɗauki asarar.

Maganinsa tsari ne da ba a tsallakewa. A cire rigar waya. A juya wayar a iska kamar ana zana lamba 8 kafin a fara, a maimaita bayan kowace tafiya mai nisa. A duba bambancin arewar maganaɗisu da arewa ta gaskiya a saitin aikin, a tabbatar daidai yake da wanda aka sa wa kamfas. A kowace tasha, wato wurin da aka tsaya awo, a auna fuska ɗaya da waya da kamfas duka. Idan alƙibla ta saɓa da fiye da digiri 5, a tsaya a nemo dalili. A wurin da dutsen ke da ƙarfe da yawa, a ja da baya mita biyu ko uku a hango alƙibla da kamfas, a shigar da lambar da hannu.

Akwai kuma maganar shimfiɗa. Bangon jijiyar kwaz, farin ma'adinin nan mai tauri, ba ya da santsi, kuma tudun kyamara a bayan waya yakan ɗaga kai ɗaya ya ƙara digiri 1 zuwa 2. A sa faifan roba ko allon aluminiyam a tsakani. Wannan ya fi tsanani a jijiyoyin da suke kusan kwance: idan gangara digiri 10 ce, karkatar digiri 3 kacal zuwa gefe za ta juya alƙibla da kusan digiri 17, alhali a gangara mai digiri 70 kuskuren kusan digiri 3 ne kawai.

Babban giɓin manhajar shi ne ba ta san wace jijiya ce ta riga wata ba, kuma tarihin yanki a nan yake. Ba ta da gurbi na musamman na cewa wannan ta yanke waccan. Dabarar da ta fi aiki ita ce a yi amfani da jerin nau'o'in dutse da mai aiki ke ƙirƙira da kansa: a buɗe V1, V2, V3, ɗaya ga kowane ajin jijiyoyin da suka fito lokaci guda, kowanne da launinsa, a ƙara ɗaya na waɗanda ba a tantance ba tukuna. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin wanda ya tilasta wa kowace jijiya shiga aji tun ranar farko zai ƙare da sitiriyonet mai kyan gani da labarin ƙarya. A kowace mahaɗa a ɗauki hoto da ma'auni a ciki, a rubuta abin da ido ya gani: wacce ta ratsa, wacce ta goce, wacce ta zo ta tsaya a jikin wata. Wadda ta tsaya a jikin wata galibi ita ce ta zo daga baya. A rubuta alaƙarta da shafin tsagewar dutse, wato siraran shafukan da matsi ke haifarwa a dutse: idan shafin ya ratsa jijiyar ko ya murɗe ta, ta girme shi, idan ta yanke shi a miƙe ba ta ji komai ba, bayansa ta zo.

Kada a ɗauka kowace alƙibla zamani ne daban. A mahaƙar Sigma da ke Val-d'Or, cikin yankin Abitibi na Kanada, jijiyoyi masu tsayuwa da masu kwanciya suna yanke juna ta kowane ɓangare, abin da ke nuna a matsi ɗaya suka samo asali. Haka jijiyar da ta lanƙwashe da wadda ta tsinke gaɓa-gaɓa za su iya zama 'yan aji ɗaya: ɗaya ta faɗa ɓangaren da aka matse, ɗaya ɓangaren da aka ja. Sitiriyonet zai raba su gida biyu, sai bayanin da aka rubuta a fili ne zai haɗa su.

Ƙananan jijiyoyin da ke jeruwa a karkace cikin yankin gurza, inda ɓangarorin dutse biyu suka goga juna, masu siffar S ko Z, awo uku suke buƙata: bakin jijiyar, wanda ke buɗewa a kusan digiri 45 da iyakar yankin, sai cikinta da ya riga ya juya, sai shimfiɗar jerin gaba ɗaya. Waya ta yi wa bakin girma, sai a zura siririn faifai a tsagar a auna a kansa. Zaren ma'adinin kwaz ko na kalsayit da ke cikin jijiya a auna shi a matsayin layi, domin sau da yawa shi ke nuna ta inda bangon ya buɗe. A nan kamfas mai murfin awo irin na Clar ya fi sauƙin shiga lungu.

Rana mai zafi tana dusar da allo, GPS na shan batiri, kuma kuskuren wurin yakan kai mita da yawa, don haka ba za ta maye gurbin zanen tasha da tef ba. A fitar da CSV kowace yamma.

Ga mai tattara awo da yawa a duwatsun da ba su da maganaɗisu, da wayar da aka gwada da kamfas, ta cancanci zama kayan aikin yau da kullum. A cikin rami mai ƙarafa da wayoyin lantarki, ko kan dutse mai magnetayit, a amince da gangararta kawai, alƙibla a nemo ta wata hanya.