Shanya a rana ko injin daskarewa?

Hajiya, barka da war haka. Kin ce 'yarki ta nuna miki injin nan mai busar da abinci ta hanyar daskarewa, kina shawarar ko ki saya don adana tumatir da albasar Aliero lokacin araha, har da dafaffen abinci, ko ki tsaya kan shanyar da muka gada.

Shanya dai kin fi ni saninta. A yanka tumatir a baza a tabarma, rana da iskar hunturu su mai da shi kauɗa cikin 'yan kwanaki, ba ki kashe ko sisi ba, sai korar akuya da ƙuda. Aibinta shi ne launi yakan yi duhu, ƙura ta shiga, ɗan danshi kuma ya saura a ciki. Shi ya sa idan damina ta kankama sai ki buɗe buhu ki tarar da fumfuna.

Aikin injin daban ne. Yana daskarar da abincin har wajen digiri 40 ƙasa da sifili, sannan wani famfo ya zuƙe iskar ciki, ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi ba tare da ta narke ba. Kusan kashi 98 cikin 100 na ruwan ke fita. Tumatir zai fito jawur da siffarsa, shafal a hannu, ki murza ya zama gari. Shinkafa da wake ko dafaffen ƙwai, ruwan zafi kawai za a zuba su dawo, abin da rana ba za ta taɓa yi miki ba. Masu ƙera shi suna cewa abincin na iya kai shekara 25 a leda mai kauri da aka liƙe, a sa ɗan ƙunshin da ke shanye iska.

To, ga inda gizo ke saƙar. Na amfanin gida, irin na kamfanin Harvest Right na Amurka, yana da tsada sosai tun kafin kuɗin jirgi da kwastan. Zubi ɗaya yana cin awa 24 zuwa 40, wuta ba yankewa. Idan ta ɗauke a tsakiya ta daɗe, ƙanƙarar ta narke, an koma gidan jiya. Ki lissafa man janareta na kwana biyu a kan 'yan faranti huɗu na abinci.

Sai batun man girki, wanda shi ya fi damuna. Mai ba ya bushewa, yana nan a jikin abinci har ya yi ɗoyi. Mu kuwa wace miya ce tamu babu manja ko man gyaɗa? Taushe da miyar ja sai an dafa su salam sannan su daɗe. Kuma sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ɗanyen naman da ya shiga ɗanye zai fito, ba kamar kilishi da ake gasawa bayan shanya ba.

Ni a ganina, kan tumatir, albasa, kuɓewa da tattasai, ranar Kebbi ta ishe ki. Ki sa kafinta ya yi miki gadon shanya mai ƙafa da murfin raga, ki yanka sirara, ki kwashe kafin raɓa, idan sun bushe ƙayau ki zuba a bokiti mai murfi.