Wace manhaja ta fi dacewa da gwajin t a kan bayanan kuɗin shiga?

Kana da bayanan albashin rukuni biyu, a ce maza da mata masu aiki iri ɗaya, kana son sanin ko tazarar da ke tsakaninsu ta gaske ce ko kuwa mutanen da aka ɗebo ne suka zo a haka. Gwajin t za a ce ka yi. Saura zaɓen manhaja, kuma ni R nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Dalilina yana cikin halin kuɗin shiga kansa.

Kuɗin shiga ba ya rabuwa daidai. Yawancin mutane suna cunkushe a ƙasa, 'yan ƙalilan masu samu da yawa su ja matsakaici sama, kuma galibi rukunin da ya fi samu shi ya fi warwatsuwa. Gwajin t da aka saba koyarwa, wanda ya samo tushe daga aikin da William Gosset ya wallafa a 1908 da sunan Student, yana ɗauka cewa warwatsuwar rukunan biyu ɗaya ce. Idan ba haka ba ne, kuma ƙaramin rukuni shi ya fi warwatsuwa, sai ƙimar p, wato lambar da in ta yi ƙasa sosai ake cewa tazarar ta gaske ce, ta fito ƙasa da yadda ya kamata, ka ga bambanci inda babu shi. Gyaran da Welch ya kawo a 1947 ya cire wannan sharaɗin.

A nan R ta yi wa sauran zarra. Kana rubuta t.test, gwajin Welch take yi maka ba sai ka roƙa ba. Kyauta ce, an fara ta a Jami'ar Auckland ta New Zealand, kuma duk matakin da ka ɗauka yana nan a rubuce, wani zai iya maimaitawa gobe ya samu abin da ka samu. Idan kana son mayar da alƙaluman zuwa logaridim don rage karkatarsu, layi ɗaya ne, sai dai ka kula da masu samun sifili, domin sifili ba shi da logaridim. Idan bayanan sun fito daga binciken gidaje mai nauye-nauye, wato wanda aka ba kowane gida nauyi gwargwadon yawan gidajen da yake wakilta, akwai ƙunshin survey da umarninsa svyttest. Wahalarta ɗaya ce: sai ka koyi rubuta umarni. Wanda hakan ya yi wa nauyi ya ɗauki jamovi, wadda aka gina a kan R, ita ma kyauta, amma ya tuna ya danna akwatin Welch.

Stata tana da kyau, sai dai da kuɗi, kuma sai ka ƙara mata kalmar unequal a umarnin kafin ta cire sharaɗin warwatsuwa ɗaya. SPSS layi biyu take ba ka, na tsohon gwajin sannan na Welch, ta bar ka da zaɓi, mutane da yawa kuma na farko suke kwafa. Excel kuwa umarninta na T.TEST ƙimar p kaɗai yake bayarwa, ban ga abin zaɓa a nan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu karɓar kuɗi su yi wa mutane nazari. Wani ya taɓa miƙo mini tebur mai kyan gani, da na nemi fayil ɗin bayanai da umarnin da ya bi, sai ya ce kwamfutarsa ta lalace. Tun daga nan ba na cinikin biri a sama: ba fayil, ba biya. Akwai mai ƙirƙiro lambobi gaba ɗaya, akwai kuma mai wayo, wanda zai yi ta goge masu babban albashi ɗaya bayan ɗaya har ƙimar p ta faɗo ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba cewa an samu bambanci. Don haka ƙirga mutanen da ka ba shi, ka ƙirga waɗanda suka fito a sakamako. Duba iyakokin amincewa na kashi 95, wato lambobi biyun da ake kyautata zaton tazarar gaskiya tana tsakaninsu: in sifili yana tsakaninsu amma ya rubuta p ƙasa da 0.05, lambobin sun ƙaryata juna. In ya ce Welch ya yi, lambar df, wadda ke fitowa tare da sakamakon gwajin, galibi da ɗigo take zuwa, kamar 47.3. Idan ka ga ta fito daidai jimillar mutanen rukunan biyu a cire 2, tsohon gwajin ya yi.

Haka nan kwafin SPSS ko Stata na sata da ake raba wa ɗalibai. Ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, ga shi albashin mutane da sunayensu ne a kwamfutarka. Mai son fuska irin ta SPSS ba tare da biya ba, akwai PSPP, halas ce kuma kyauta, ko da yake ba ta kai ta yawan gwaje-gwaje ba. R kuma a sauke ta daga shafin CRAN kawai, wato ma'ajiyarta ta hukuma.